Tabon da ke Jikin Wuƙar Ba Modu

Ku samarin nan da kuke zama a bencina kuna jiran cajin waya a shagon maƙwabcina, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya. Wai aikin Baba Ɗanlami ai ba aiki ba ne, goga ƙarfe a dutse ne kawai, kowa ma ya iya. To madalla. Ban ji haushi ba, don ni ma abin da na ɗauka ke nan ranar da mahaifina ya kamo hannuna ya kawo ni wurin Malam Hudu, a nan bakin Kasuwar Kifi ta Baga Road. Sai da na shekara guda cur ban taɓa wuƙar kowa ba. Ruwa nake ɗebowa, in jiƙa dutse, in juya keken washi har kafaɗata ta yi tsami, shi kuma yana zaune yana aiki, ba ya ce mini komai sai "rage" ko "ƙara".

Malam Hudu Bakano ne, ɗan gidan maƙera, kuma ra'ayinsa a kan wuƙa ɗaya ne tak: in ba ka ga haƙoranka a jikinta ba, ba ka gama aiki ba. Toka muke kwaɓawa da lemun tsami, mu ƙara rairayi mai laushi, mu dirje ƙarfen har ya yi ƙal. Mahauta suna so, matan gida suna so, masu yankan ɗanyen kifi suna so. Duk baƙin da muka gani a jikin wuƙa, a wurinmu datti ne ko tsatsa, kuma abin kunya ne ta bar hannunka da shi. Haka aka koya mini, haka na ci gaba da yi bayan Malam ya rasu ya bar mini duwatsunsa biyu, da fatar da ake ƙarasa kaifi da ita, da wani akwatin ƙarfe, da wannan inuwar da muke zaune.

Su 'yan banda, wato masu sayar da busasshen kifi, ba babbar wuƙa suke yawo da ita ba. Ta aljihu suke riƙewa, mai naɗewa, wadda ƙarfenta yake komawa ya kwanta cikin ƙota. Da ita suke yanke igiya, su farke kwali, su tsaga kifi su nuna wa mai saye cewa ƙwari ba su shiga cikinsa ba. Ɗan banda da ba shi da wuƙa a aljihu, rabin yininsa a aro yake ƙarewa.

Cikin 'yan bandan nan akwai Ba Modu, Babarbare, dogo, mai zane a kumatu. Iyalinsa suna Baga, shi kuma yana kai da komowa da lodin kifi sau biyu a wata. Ranar da ya ji cewa mahaifiyata Bafulatana ce, shi ke nan na shiga uku. Kun dai san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun daga ranar bai ƙara kiran sunana ba, Fulata yake ce mini, ni kuma in ce masa bawana.

Wata safiya, kasuwa ba ta cika ba tukuna, ya zo ya ajiye mini wata wuƙar aljihu da ya saya wurin wani direba mai shiga Chadi. Ya ce, "Fulata, wanke mini wannan, ƙarnin kifi ya shiga cikinta. Bari in leƙa motar da ta shigo." Ya juya ya tafi. Na buɗe ta, sai na ga ƙarfen baƙi wuluk tun daga tsini har gindi. Na ce a raina, kai, wane irin ƙazami ne ya riƙe wannan wuƙar har ta koma gawayi? Na kwaɓa toka da lemun tsami na dirza, baƙin bai motsa ba. Na ƙara rairayi, ko gezau. Zuciya ta ɗebe ni, na ɗauko takardar goge ƙarfe mai kaushi na danna da ƙarfina. Can sai ga fari ya fara leƙowa a gefen hagu, kusa da ƙota, faɗin babban yatsa. Har na fara murmushi, ina cewa yau Ba Modu zai san ya kawo aiki wurin gwani.

Sai ji na yi an riƙe mini hannu.

"La'ilaha illallahu! Fulata, me kake yi haka?"

Na ce, "Tsatsa nake cire maka, bawana. Ka bari ta cinye wuƙar gaba ɗaya."

Ya ce, "Wace tsatsa? Riga ce! Haka aka ƙera ta. Baƙin nan shi ne yake hana ruwa da gishiri cin ƙarfen. Ka zo ka tuɓe mata riga a tsakiyar kasuwa!"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na fi shekara ashirin a bakin dutse, ga shi ban iya bambance rufin da aka yi wa ƙarfe da tsatsa ba. Kun san kasuwar nan. Da ya ɗaga murya sau ɗaya, kafin azahar labarin ya kai ƙarshen layi, kuma har in mutu sunana mai washin da yake wanke fenti. Ba Modu ya duba dama, ya duba hagu. Ya naɗe wuƙar, ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Babu wanda ya gani. Ni ban gani ba, kai ma ba ka yi ba. Amma tunda kai ka buɗe wurin, kai za ka riƙa kula da shi."

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Tabon ya faɗo a daidai inda babban yatsa yake kwanciya in ana yanka, in kuma an naɗe wuƙar yana ɓoye cikin ƙota, don haka babu wanda ya lura. Sai dai duk ranar da ya kawo ta wanki, sai ya raɗa mini, "Fulata, wautarka tana gaishe ka."

A kan wuƙar nan na sake koyon sana'ata daga farko, ina da furfura a gemu. Kuma na yi sa'a, don ba a jima ba irinta suka fara yawa a gari, baƙaƙe, da masu ruwan toka, da masu ruwan ƙasa. Ku da kuke cewa goga ƙarfe a dutse ne kawai, ku saurara. Wuƙa mai riga ba ta son toka, ba ta son lemun tsami, ba ta son soson ƙarfe, kuma ba a kai ta kusa da keken washi. Ruwa mai ɗumi take so da ɗan sabulu, da tsohon buroshin haƙori. Ka buɗe ta rabi, ka bi gaɓar a hankali. Cikin ƙota, inda ƙarfen yake kwanciya, nan ne zaren aljihu da rairayi da ɓawon kifi suke taruwa, sai ka sa tsinken sakace ka zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya. In gam ɗin kwali ya manne a jikinta, kada ka kankare da wani ƙarfe. Ɗiga kalanzir a tsumma ka shafa, gam ɗin zai saki da kansa, sannan ka sake wankewa da sabulu sosai, don wuƙar nan abinci za ta taɓa.

Shanya ita ce inda masu gaggawa suke faɗuwa. Ka goge da tsumma mai laushi, ka hura iska cikin gaɓar da bakinka har ruwan ya fita, ka jingine ta a buɗe a inuwa. Sai ta bushe ƙayau sannan mai. Man keken ɗinki, ɗigo ɗaya a kan ƙusar da take juyawa. Ɗaya na ce. Wani direban keke napep daga unguwarmu Bulumkutu ya taɓa kawo mini tasa, ta ƙi buɗewa sam, yana rantsuwa wai sammu aka yi mata. Na sunsuna na ce, "Man gyaɗa ka zuba?" Ya ce kullum ma, don yana ƙaunarta. Man ya daskare ya zama danƙo, ya kama rairayin garin nan ya riƙe, kullum yana cin ƙusar. Yini guda na yi ina jiƙa ta ina sakacewa kafin ta yarda ta motsa. Wani manomi daga Konduga kuma, da ya ga rigar tasa ta fara koɗewa, sai ya sayo fentin keke ya shafe ta har kaifin. Da ya yanka mangwaro, baƙi ya bi mangwaron. Na ce masa koɗewar riga a wurin aiki ba aibi ba ce, alama ce mai ita ba malalaci ba ne.

Washin kansa, siririn layin nan fari da ke bakin kaifi, shi kaɗai ne naka. Dutse mai laushi, da ruwa, ka ɗaga bayan wuƙar kaɗan. In ka kwantar da ita shimfiɗe yadda muke yi wa ta mahauta, ka zane mata jiki. Ka ƙarasa a fata, ka shafa man kaɗanya kaɗan a kaifin, ka goge. Kuma ka gaya wa mai ita kada ya haɗa ta aljihu ɗaya da makullai. Ba za su ji ba, amma kai dai ka faɗa.

Ana nan sai rikicin nan ya zo. Wasunku kuna goye a lokacin, wasu kuna makarantar firamare. Aka kafa shingaye a kowace kwana, aka hana babura, aka sa dokar hana fita. In ka zo shinge sai ka sauka daga keke napep ka wuce da hannuwa a sama, a lalube ka. Ban ga laifin masu lalube ba, kowa ransa yake tsoro. Amma in aka sami wuƙa a aljihunka, ko ta fasa goro ce, to yininka ya yi tsawo. Mutane suka riƙa jefa wuƙaƙensu a masai da kwalbati. Ni kuma na zauna ina kallon dutsena yana bushewa, don wa zai kawo washin abin da yake tsoron ɗauka?

Ba Modu ne ya kawo dabara. Ya ce tunda a kasuwa ake aiki da wuƙa, to ta riƙa kwana a kasuwa. Muka je wurin Alhaji Mala, shugaban layin 'yan banda, ya yarda, ya kuma sanar da masu tsaron kasuwa don kada abin ya zama ɓoye. Na ɗauko akwatin Malam Hudu, aka ba shi wuri a ɗakin ajiyar Alhaji. Da la'asar sakaliya kowa ya kawo wuƙarsa ya tafi gida hannu rabbana, da safe ya zo ya tarar na wanke ta na sa mata mai. Ƙa'ida ɗaya muka kafa: in mai wuƙa bai zo da kansa ba, wanda ya aiko sai ya faɗi wata alama da ke jikinta kafin in buɗe akwati. Akwatin nan shi ya riƙe gidana a shekarun. Wannan ya miƙo abin cefane, wancan ya naɗo kan kifi, haka muka yi ta lallaɓawa.

Wata rana da Ba Modu zai tafi Baga, da safe ya zo, motarsu tana jira. Ya ajiye wuƙar a cinyata ya ce, "Kwana huɗu zan yi. In na aiko mutum, zai faɗa maka wautarka. In bai faɗa ba, kore shi." Na ce, "Ka dai taho mini da tsaraba, bawa ba ya dawowa wurin ubangidansa hannu biyu." Ya yi dariya ya hau mota.

Kwana uku da tafiyarsa 'yan bindiga suka shiga Baga. Hanya ta rufe. Mutane suka yi ta shigowa gari a ƙafa, ƙafafu a kumbure, wasu ba ko takalmi. Duk wanda na sani a cikinsu sai na tambaye shi. Wani ya ce ya ga Ba Modu ya nufi bakin tafkin Chadi da iyalinsa. Wani ya ce a'a, ya ga wani dogo kamarsa a kwance a hanya. Babu wanda ya iya dafa Alƙur'ani a kan ko ɗaya.

Wannan ita ce mummunar shekarar sana'ata. Kifi ya daina zuwa, kasuwar da ba ka jin maganar na kusa da kai ta koma kana jin kukan akuya daga ƙofa. Masu wuƙaƙe suka riƙa zuwa suna karɓar abinsu, wani zai koma ƙauyen matarsa, wani zai tafi Kano neman abin yi. Wasu matansu ne suka zo, cikin takaba, su faɗi alama, in miƙa musu. A hankali akwatin ya koma wuƙa ɗaya ce a ciki. Ni kuma na ɗora dutse a kai na shiga lungunan Bulumkutu ina washin almakashi da wuƙaƙen girki, matata Hajara tana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Ba mu kwana da yunwa ba, alhamdu lillahi, amma miya ta san an shiga wani hali.

Duk ranar Juma'a, kafin masallaci, sai na zo kasuwa na buɗe akwatin. Dalili kuwa tabon nan. Sauran jikin wuƙar yana da riga, ko shekara ta yi a ajiye babu abin da zai same shi. Amma wurin da na kankare tsirara yake, in damina ta sauka, mako biyu ya isa ya fara yin ja. Sai in goge shi, in shafa man kaɗanya, in ɗiga wa ƙusar mai, in buɗe in rufe sau uku, in mayar. Hajara takan ce, "Malam, mutane suna zuwa gaida marasa lafiya ranar Juma'a, kai kana hawa keke ka je gaida wuƙa." In ce mata ni na ji mata ciwo, dole in yi jinya.

A shekara ta uku sai ga Bukar, ɗan ƙanwar Ba Modu. Na san shi, ba baƙo ba ne, yana dako a kasuwar nan. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya ce dangi sun haƙura, sun yi wa kawunsa sadaka, shi ne ya zo karɓar wuƙar, ko ba komai ya riƙa tunawa da shi.

Na ce, "Allah ya sa yana raye. Ka san ƙa'idar akwati. Yaya wuƙar take?"

Ya ce, "Baƙa ce, Baba."

Na ce, "Duka?"

Ya ce, "Duka mana. Kowa ya san ta."

Na ce, "To ba zan ba ka ba."

Ya tashi ransa a ɓace, kuma ban ga laifinsa ba. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu cewa Ɗanlami ya daɗe da sayar da wuƙar mamaci, shi ya sa yake kame-kame. Alhaji Mala ya kira ni gaban mutane. Na buɗe akwati na ɗaga ta sama, a naɗe, kowa ya gani. Aka ce in buɗe ta, na ƙi, don in na buɗe alamar ta tashi daga aiki. Alhaji ya ce, "Haba Ɗanlami, wuƙa ce fa, ba gida ba ne, ba gona ba. Ba yaron nan abin kawunsa a huta." Na ce, "Alhaji, a kawo mini wanda ya wanke gawarsa, ko matarsa, ko ɗansa, yanzu in miƙa. Mai ita ya gaya mini abin da zan ji kafin in bayar, kuma ban ji ba." Aka watse ana cewa taurin kan Fulani ne ya motsa, wasu kuma suna cewa kwaɗayi ne, wuƙar tana da tsada.

Babbar Sallar shekarar ita ce ta nuna mini inda na tsaya. Kun san lokacin ne kakar mai washi, wuƙaƙen layya har layi suke yi. Ina zaune a nan ina kallon mutanen da na yi wa aiki shekara da shekaru suna wucewa da wuƙaƙensu a naɗe cikin buhu, suna kai wa wani mai washi a ƙofar baya ta kasuwa. Wasu ko sallama ba sa yi. Abin ya ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Sau biyu ina ɗaukar wuƙar da niyyar in kai wa Bukar, sau biyu ina mayarwa. Na ga in na miƙa ta, ni ma na yarda ke nan cewa Ba Modu ya mutu, ni kuwa ban yarda ba. Mutumin da ya rufa mini asiri lokacin da kalma ɗaya ta isa ta kashe mini kasuwa, ba zan raba kayansa a kan jita-jita ba.

Aka ƙara shekara biyu a haka. Hanya ta fara buɗewa, motoci suna tafiya a jere da rakiya, ƙamshin banda ya fara dawowa layi. Wata safiya ina kan almakashin wani tela, sai wani tsoho ya zo da sanda ya zauna a ƙarshen bencin nan. Ramamme, rigarsa ta yi masa yawa, hularsa ta sauko har gira. Ya yi gaisuwar Barebari, ya ce, "Wushe." Na amsa masa ban ɗaga kai sosai ba, na ce, "Wushe, Baba. Me aka kawo?"

Ya ce, "Ban kawo komai ba. Karɓa na zo yi. Wuƙa na bari a nan."

Na ce a raina, to, an sake turo wani. Na ce, "Wace iri?"

"Baƙa."

Na ajiye almakashin, na gaji da wannan tambaya, amma na yi ta. "Duka?"

Sai ya yi dariya, bakin babu haƙoran gaba. Ya ce, "Da dai duka ce, kafin wani wawan Fulata ya same ta da toka da lemun tsami."

Ban san lokacin da na ture kwanon ruwa ba. Na kama hannuwansa biyu ina ta salati, sannan na ce, "Bawana, kwana huɗun ke nan?" Ya ce, "Hanya ce ba kyau." A kwalekwale suka tsallaka zuwa ɓangaren Chadi, shi da matarsa da 'ya'yansa. Babban ɗansa a wani tsibiri suka binne shi. Abin da ya faɗa ke nan, ni kuma ban ƙara tambaya ba.

Na ɗauko akwatin na miƙa masa wuƙar. Ya sa yatsa ya buɗe ta, ta buɗe sumul ba ko ƙara. Ya juya gefen hagu, ya shafa tabon da babban yatsansa, ya kai shi kusa da ido ya duba. Fari tas, babu ɗigon ja.

Kafin wannan lokacin layi ya cika, ana ta kabbara, Alhaji Mala ya zo da gudu babu hula, an kira Bukar ya faɗa jikin kawunsa yana kuka. Da hayaniya ta lafa, wani ya ba Ba Modu labarin abin da ya faru tsakanina da mutane. Ya juyo ya dube ni.

"Fulata, in faɗa?"

Na ce, "Faɗa mana, ai ta riga ta tsufa."

Ya ɗaga wuƙar a buɗe ya nuna musu tabon, ya ba su labarin toka da lemun tsami tun daga farko, har da ƙarin gishirinsa, wai ya same ni ina gumi ina karanta addu'ar korar tsatsa. Kasuwa ta kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Dariyar da na yi shekaru ina tsoro ke nan, ga shi ta zo, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin dariya irin ta ranar ba. Alhaji Mala ya kama hannuna ya ce in yafe masa. Bukar ya durƙusa, na ce tashi, kai ma don ƙaunarsa ka yi. Sallar da ta biyo baya sai da na roƙi wasu su kai wuƙaƙensu ƙofar baya, hannuna biyu ne kawai.

Da la'asar ta ranar, mutane sun fara haɗa kaya, sai ga Ba Modu ya dawo ya ajiye wuƙar a cinyata. Na ce, "Ai yanzu an sassauta, babu mai hana ka tafiya da ita gida."

Ya ce, "Na sani. Ajiye dai. Gobe da safe zan karɓa."

Na riƙe ta ina kallonsa har ya fita ƙofar kasuwa. Washegari tun kafin in gama jiƙa dutse na ji ƙarar sandarsa. Haka kuma muke yi har yau, ya kawo da yamma, ya karɓa da safe, ko da yake yanzu ba ya yanka komai da ita sai goro.

Ga shi can ma ya shigo, mai farar hula. Kai mai jar riga, ɗauke wayarka ka matsa, wurinsa ka zauna.